Komawa Benci: Yadda Mai Sana'a a Tamanrasset Zai Nemi Gurbin Karatun Likita

Wanda ya kai shekara ashirin da takwas ko talatin da biyar, yana koyarwa a firamare, ko yana aikin jinya, ko yana tsare da shago a Tahaggart, kuma har yau zuciyarsa ba ta haƙura da likitanci ba, tambayarsa ta farko kusan kullum ɗaya ce: makina na da ba su da kyau, za su hana ni? A Aljeriya amsar tana da daɗi ta wani gefe, tana da ɗaci ta wani gefen. Tsohon makinka ba zai hana ka ba, domin ba wanda zai dube shi. Amma digirin da ka yi, da shekarun da ka kwashe kana aiki, da takardar yabon da shugabanka zai rubuta maka, su ma ba wanda zai dube su. Ƙofar da aka sani guda ce, jarrabawar kammala sakandare, wadda kowa ke kira bak, kuma sai ka sake zama ka rubuta ta tare da yaran da wataƙila kai ka koya musu karatu.

Na fara da wannan ne saboda yawancin shawarar da ake samu a intanet an rubuta ta ne don Amurka da Ingila. A Amurka sai mutum ya gama digiri sannan ya nemi makarantar likita, akwai kwasa-kwasan gyara maki, akwai jarrabawar MCAT, akwai ganawa da kwamitin da zai saurari tarihin rayuwarka. A Ingila akwai shirin shekara huɗu na musamman ga masu digiri. Wanda ya karanta irin wannan ya zo yana shirya labarin rayuwarsa don ya burge wani kwamiti a Wargla, ɓata lokacinsa ya yi. A nan kwamfuta ce take rabon gurabe. Tana jera ɗalibai daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, tana cika kujeru har su ƙare, ba ta san mai gemu ba, ba ta san yaro ba.

Kafin littafi, takarda

Tamanrasset gari ne na mahaɗa. Hausar da ake ji a kasuwa da wuraren gini da shagunan ɗinki ta mutane iri-iri ce: akwai 'yan ƙasa da aka haifa a nan, akwai mutanen Agadas, Tawa, Damagaram da Maraɗi, akwai na Kano da Katsina. Hanyar kowane ta bambanta, kuma takardar da ke aljihunsa ce take faɗa masa wadda zai bi. Duk abin da zan faɗa game da sake rubuta bak da rabon gurabe na ɗan ƙasar Aljeriya ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya yi haƙuri ya karanta har ƙasa, nasa bayanin yana zuwa, kuma gara ya san matsayinsa tun yanzu da ya kashe shekara yana haddar darasi da Larabci sannan a ce masa sunansa ba zai shiga rajista ba.

Rajistar ɗan takara mai zaman kansa

Hukumar jarrabawa ta ƙasa, ONEC, ita ke karɓar rajista, ta shafinta na intanet, a watannin ƙarshen shekara. Jarrabawar kanta a watan Yuni ake yi, kwana biyar, Lahadi zuwa Alhamis. Wanda ba ya cikin aji yana shiga ne a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, abin da ake ce wa kandida libir, da Larabci kuma ahrar. Ba a korar mutum saboda shekarunsa, kuma wanda ya taɓa cin bak yana da damar sakewa, sai dai kuɗin rajistarsa ya fi na ɗalibin aji. Abin da za a nema shi ne shaidar cewa ka kai ajin ƙarshe na sakandare. In ka bar makaranta kafin nan, sai ka bi ta hukumar karatu daga nesa, ONEFD, ka haura ajujuwan da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana ƙara shekara ko biyu a lissafi, amma ba wata gajeriyar hanya.

Sai zaɓen reshe, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Likitanci na masu reshen kimiyya ne: kimiyyar gwaji da reshen lissafi su ne a sahun gaba. Wanda tsohon bak ɗinsa na adabi ne, ko harsuna, ko tattalin arziki, ya je ofishin ilimi na wilaya, wato jiha, tun kafin a buɗe rajista ya tambayi sharaɗin sauya reshe na wannan shekarar, ya kuma nemi a nuna masa a rubuce. Shawarata ga wanda ya daɗe da barin aji ita ce kimiyyar gwaji. Reshen lissafi yana buƙatar hannun da bai huce ba, kuma wanda ya yi shekara goma bai warware lissafi ba da wuya ya kamo yaran da suke cikinsa kullum.

Inda makin yake

Kowane darasi yana da nauyinsa. A kimiyyar gwaji, ilimin halittu yana da nauyi 6, lissafi 5, fiziks haɗe da kemistiri 5. Larabci 3. Faransanci, Ingilishi, falsafa, tarihi da labarin ƙasa, da ilimin addinin Musulunci, kowanne 2. Motsa jiki 1. Jimla 30, kuma 16 daga ciki suna hannun darussa uku.

Mutum zai ga haka ya ce to shi ke nan, kimiyya zan riƙe, sauran Allah ya kawo. Bari mu yi lissafin. Matsakaicin maki 16 cikin 20 yana nufin 480 daga 600. A ce ka samu 17 a kowane ɗaya daga darussan kimiyya uku, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, ka tara 272. Saura 208 da za su fito daga nauyi 14, wato kusan 15 a kowane darasi, har da falsafa, har da Faransanci. Wanda ya samu 8 a Faransanci da 9 a falsafa ya riga ya zubar da abin da ya sha wahala ya tara a lissafi. Ilimin addini da tarihi kuwa haddace ne mafi yawa, kuma babba mai natsuwa yakan fi yaro kwasar maki a cikinsu. Kada a raina su.

Me ya sa nake maganar 16? Domin mafi ƙarancin makin da ke ba mutum damar rubuta likitanci a jerin zaɓinsa ya kasance 15 ko 16 gwargwadon shekara, kuma wannan izinin shiga layi ne kawai. Makin da ake tsayawa a kai bayan an gama rabo yakan haura 16. Ba a sanin sa kafin lokaci, domin yawan kujeru da ƙoƙarin 'yan shekarar ne suke haifar da shi.

Akwai kuma wani lissafi na biyu da ya kamata mai komawa benci ya sani. A shekarun nan ana amfani da matsakaici mai nauyi: a ninka matsakaicin bak sau biyu, a ƙara makin ilimin halittu, a raba uku. Ɗauki mutum biyu. Na farko yana da 16 a dunƙule amma 13 a ilimin halittu, nasa ya koma 15. Na biyu yana da 15.5 a dunƙule da 18 a ilimin halittu, nasa ya hau 16.33. Wanda ya fi maki a takarda ya koma baya. Saboda haka ilimin halittu ana ƙirga shi sau biyu, kuma shi ne darasin da ya cancanci mafi kyawun sa'o'inka, na bayan sallar asuba, ba na bayan ka dawo aiki a gajiye ba. Ma'aikatar ilimi mai zurfi tana fitar da takardar ƙa'idojin rabo kowace shekara, kuma abin da ke cikin ta shekararka shi ne hukunci. Ka same ta ka karanta da kanka, kada ka dogara da abin da ɗan maƙwabci ya ce an yi bara.

Yadda ake karatun

Jarrabawar ilimin halittu ta Aljeriya ba ta tambayar ka zubo abin da ka haddace. Ana ba ka zane, jadawali, sakamakon gwaji, a ce ka fassara, ka kawo hasashe, ka kare shi. Darussan su ne haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, aikin enzayim, garkuwar jiki, saƙon jijiya, sauyin makamashi, da motsin ɓawon ƙasa. Ma'aikacin jinya yakan shigo da ƙarfin gwiwa cewa ya san garkuwar jiki, sai ya tarar masu gyara ba sanin asibiti suke nema ba, tsarin amsa suke nema, mataki bayan mataki, da kalmomin da littafin ma'aikatar ilimi ya yi amfani da su. Maganin wannan tsofaffin jarrabawa ne tare da amsoshinsu na hukuma, waɗanda ake samu kyauta a intanet. Ka rubuta amsarka da biro, ka ɗora ta kusa da ta hukuma, ka ga inda aka raba rabin maki da kwata. Ana ba ɗalibi jarrabawa iri biyu ya zaɓi ɗaya, kuma ta ilimin halittu awa huɗu da rabi ce. Wanda bai saba zama awa huɗu da rabi a kujera ba, hannunsa da bayansa za su gaya masa tun kafin ƙwaƙwalwarsa ta gaji. A gwada wannan zaman a gida, da agogo, tun daga watan Maris.

Lissafi kuwa daga tushe ake faro shi. In ka manta yadda ake warware ma'auni mai daraja biyu, komawa littafin aji ɗaya na sakandare ba abin kunya ba ne. Wata biyu a kan tushe ya fi wata shida ana kallon darasin logaritim ba a gane komai. Mai aiki da makinsa na da ya yi ƙasa sosai ya tsara wa kansa shekara biyu: ta farko ya rubuta don ya san filin, ta biyu ya rubuta don ya ci. In ta farkon ta ba da mamaki, alhamdu lillahi.

Darasin kuɗi na yamma yana da amfani a lissafi da fiziks, inda ake buƙatar wanda zai duba kuskurenka. A sauran darussa malaman Aljeriya da ke koyarwa a YouTube sun wadatar. Sai dai a sauke bidiyon a ajiye, domin intanet a kudu ba abin dogaro ba ne kullum, kuma a makon jarrabawa hukuma takan toshe shi don hana satar amsa. Tun 2020 satar jarrabawa laifi ne da ke kai mutum gidan yari, ba kora kawai ba. Wayar salula ko a kashe take kada ta shiga ɗakin. Wanda ya makara kuma ba a buɗe masa ƙofa.

Bayan sakamako

Sakamako yana fita a watan Yuli. Takardar makinka tana ɗauke da lambar sirri da za ka shiga shafin rabon gurabe da ita, ka jera zaɓinka bisa fifiko, ka tabbatar, ka jira. Kwanakin kaɗan ne kuma ba a jiran kowa, don haka wannan ba makon tafiya In Gezzam kai kaya ba ne. Guraben likitanci ana raba su ne ga masu bak ɗin shekarar, kada ka ci ka ce za ka ajiye sai baɗi. Jera abin da kake so da gaske a sama: likitanci, sannan haɗa magunguna ko likitan haƙori in kana son su, sannan abin da za ka iya rayuwa da shi in waɗannan ba su samu ba. Sa likitanci a farko ba ya rage maka dama a zaɓi na biyu, domin kwamfutar tana sauka ne a jere.

Ba kai kake zaɓar gari yadda ka ga dama ba, wilayar da ka ci bak a cikinta ce take nuna inda za a kai ka. Shekaru da yawa ɗan kudu sai ya tafi arewa, kuma tsakanin Tamanrasset da Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne. A 2014 aka buɗe tsangayoyin likitanci a Wargla, Bashar da Lagwat, daga 2023 kuma ma'aikatar ta shiga buɗe rassa a jami'o'in wilayoyi da dama. Takardar ƙa'idojin shekararka za ta nuna inda aka haɗa Tamanrasset. Mai iyali ya duba wannan tun da wuri, domin shi ne bambancin kwana a gida da ganin 'ya'ya sau uku a shekara.

Shekara bakwai

Cin gurbi shi ne ɓangare mai sauƙin bayani. Karatun shekara bakwai ne: uku na tushe, uku na asibiti, ta ƙarshe ta zama a asibiti ana aiki ƙarƙashin manya. Kuɗin makaranta kusan babu, rajistar shekara dinari 200 ce, akwai ɗakin kwana da abinci mai rahusa da ɗan tallafi. Wannan ya ishi saurayi ɗan shekara goma sha takwas da babansa ke aiko masa. Bai ishi mai mata da 'ya'ya uku ba. Ba a karatun likita da rabin rana: akwai gwaje-gwajen da ake kiran suna, daga shekara ta huɗu kuma safiyarka ta asibiti ce. Ma'aikacin gwamnati yana da awa huɗu a mako na karatu a ƙarƙashin dokar aikin gwamnati ta 2006, yana kuma iya neman hutu marar albashi, amma wannan hutun yana da iyakar da ba ta kai shekara bakwai ba. Ƙarshenta dai ajiye aiki ne. Don haka zaman da za a yi da uwargida, ko da maigida, da iyaye da 'yan'uwan da za su ɗauki nauyi, a yi shi kafin rajistar bak, a faɗi adadin shekarun a fili. In akwai shago, a san wanda zai riƙe shi da yadda za a raba riba, a rubuta. Ga mace mai aure maganar ta fi nauyi, domin kwanan asibiti yana cikin karatun, kuma yardar da aka bayar da baki a shekarar farko takan yi rauni a ta biyar.

Sai harshe. An yi sakandare da Larabci, likitanci kuma tun fil azal da Faransanci aka saba koyar da shi, kuma wannan tsallen ya jima yana kayar da ɗaliban kudu a shekarar farko. A 2025 ma'aikatar ta sanar da fara koyar da 'yan shekarar farko da Ingilishi. Amma manyan likitocin da za ka bi a ɗakin marasa lafiya da Faransanci suka yi karatu, da shi suke rubuta takardar magani. Watannin da ke tsakanin sakamako da buɗe jami'a na harsunan nan biyu ne. Hausarka da Tamashek ɗinka kuwa ka riƙe su da kyau. A asibitin Tamanrasset marar lafiyar da ya zo daga Arlit ko Agadas sau da yawa sai an nemo mai fassara kafin a san inda ke masa ciwo.

Ka kuma san abin da ke jiranka a ƙarshe. Wanda ya shiga yana da 30 zai fito yana da 37 a matsayin likita na gama-gari. Ƙwarewa tana buƙatar wata gasa da ƙarin shekara huɗu ko biyar, sannan aikin dole a inda gwamnati ta tura ka, wanda a can kudu ya fi gajarta, abin da zai yi wa ɗan Tamanrasset daɗi tunda gida ne. A watan Oktoban 2024 ɗaliban likitanci a faɗin ƙasar sun shiga yajin karatu na tsawon watanni, suna kuka da ƙarancin guraben ƙwarewa da rashin aikin yi bayan kammalawa. Wanda ke neman likitanci don ya tsere wa talauci da sauri ya sake tunani. A ganina ma, wanda burinsa kula da marasa lafiya ne, ba lallai sunan dokta ba, ya dubi makarantun jinya na gaba da sakandare, masu shekara uku, ko ungozoma mai shekara biyar. Makinsu bai kai na likitanci ba. Akwai ma horon mataimakin jinya na shekara biyu ga wanda ya kai ajin ƙarshe ko da bai ci bak ba. Sai dai kada wani ya ruɗe ka cewa daga jinya ana haurawa likitanci ta cikin gida. Ma'aikacin jinyar da ke son zama likita shi ma bak zai koma.

Wanda ba ɗan ƙasa ba

Baƙo yana shiga jami'ar Aljeriya ne ta yarjejeniyar gwamnati da gwamnati, ko ta shafin da ma'aikatar ta buɗe wa ɗaliban waje masu biyan kuɗi, kuma dole a tantance takardar sakandarensa a daidaita ta da bak. Ɗan Nijar ta hukumar tallafin karatu ta ANAB a Yamai yake bi, ba ta wani ofis a Tamanrasset ba, kuma irin waɗannan gurabe yawanci sabbin masu bak da maki mai kyau ake ba, da iyakar shekaru. Suna kuma tafiya da yanayin siyasa: a watan Afrilun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso sun janye jakadunsu daga Aljiyas bayan harbo jirgin Mali marar matuƙi a kusa da Tinzawatin. Wanda ba shi da takardar zama kuwa, ba sai an gaya masa yadda ake kwasar mutane a ajiye su a kan iyaka kusa da Assamaka ba. Ba a gina karatun shekara bakwai a kan irin wannan zama.

Hanyarsa ta gaskiya gida ce. Ɗan Nijar zai iya rubuta bak na reshen D ko C a matsayin mai zaman kansa, ya nemi tsangayar kimiyyar lafiya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram. Ɗan Najeriya yana buƙatar kiredit biyar, Ingilishi, lissafi, ilimin halittu, kemistiri da fiziks, kuma jami'o'i da yawa suna son a zama ɗaya aka same su. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu. Daga nan sai JAMB, mai maki 400, sannan tantancewar jami'a, ko ABU Zariya, ko Bayero a Kano, ko Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Karatun shekara shida ne. Akwai shiga kai tsaye aji biyu ga mai digirin kimiyya, amma digiri mai daraja ake nema kuma kujerun ƙalilan ne, don haka mai ƙaramin sakamako JAMB ɗin ce ta fi masa. Wanda kuma ya yi karatun a wata ƙasa yana son aiki a Najeriya, sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin a ba shi lasisi, kuma ya tabbatar tun kafin ya biya ko sisi cewa hukumar ta amince da makarantar da zai shiga.